Gani Ya Kori Ji: Amfanin Gayyato Masu Aikin Kimiyya Su Yi wa Ɗalibai Lacca

Gabatarwa

Duk shekara idan sababbin ɗalibai suka shigo sashenmu na ilimin halittu, nakan tambaye su dalilin da ya sa suka zaɓi wannan fanni. Amsar da na fi samu ita ce: "Malam, likitanci na nema, ban samu ba." Idan na ƙara tambaya ko wane aikin kimiyya suka sani ban da likita, sai a ce injiniya. Daga nan kuma sai aji ya yi tsit. Yawancin waɗannan yara masu hazaƙa ne, kuma da dama daga cikinsu 'yan cikin birnin Kano ne, sun tashi a unguwanni irin su Yakasai da Mandawari da Dala. Abin da ya rage musu shi ne ba su taɓa zama da wanda yake cin abinci da kimiyya ba, balle su ji daga bakinsa yadda aikin yake da kuma hanyar da ya bi ya kai gare shi.

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna wa malamai da ɗaliban sakandare amfanin gayyato ma'aikatan kimiyya da fasaha su zo makaranta su yi bayanin aikinsu, da yadda za a shirya irin wannan lacca don ta yi tasiri. Al'amarin ba ƙarami ba ne, domin a ƙarshen aji uku na ƙaramar sakandare ake raba ɗalibai zuwa ajin kimiyya ko na adabi ko na kasuwanci. Yaro ɗan shekara goma sha huɗu ko sha biyar yakan yanke hukuncin da zai bi shi har tsufa, alhali bai ga ko ɗaya daga cikin ayyukan da ke ƙarshen kowace hanya ba.

Yaron da lacca huɗu suka sauya wa rayuwa

Bari mu fara da wani misali daga ƙasar Ingila, domin ya nuna abin da lacca ɗaya tak ko biyu za su iya haifarwa. An haifi Michael Faraday a shekarar 1791 a gefen birnin Landan. Mahaifinsa maƙeri ne talaka, don haka karatun da yaron ya samu bai wuce na koyon karatu da rubutu da ɗan lissafi ba. Yana da shekara 14 aka kai shi koyon sana'ar ɗinkin littattafai, ya yi shekara bakwai a hannun maigidansa. A can ne ya riƙa karanta littattafan da ake kawo masa ɗinki.

A shekarar 1812 wani mai hulɗa da shagon ya ba shi tikitin shiga laccocin da shahararren masanin sinadarai, Humphry Davy, yake gabatarwa a cibiyar kimiyya ta Royal Institution. Faraday ya halarci huɗu daga cikinsu. Ya rubuta abin da ya ji, ya zana kayan gwajin da ya gani, ya koma shago ya ɗinke rubutun ya zama littafi, sa'an nan ya aika wa Davy tare da takardar neman aiki. A shekarar 1813 aka ɗauke shi mataimaki a ɗakin gwaje-gwaje. A 1831 kuwa ya gano cewa idan aka motsa maganaɗisu kusa da naɗin waya, wutar lantarki za ta gudana a cikin wayar. A kan wannan ƙa'ida janaretan da ke shagon unguwarku yake aiki, haka nan taransifomar da ke bakin layi, da manyan injinan madatsar ruwa ta Kainji.

Faraday bai manta da mafarinsa ba. A shekarar 1825 cibiyar ta fara shirya laccocin kimiyya na musamman domin yara a lokacin hutun ƙarshen shekara, shi da kansa ya gabatar da su har sau 19, kuma ana ci gaba da yin su har yau. Mafi shahara daga cikin laccocinsa a kan kyandir ya yi ta, wato abin da kowane yaro yake gani a gidansu.

Akwai darasi biyu a nan. Na farko na mai lacca ne: ya fara da abin da yara suka sani. Na biyu na ɗalibi ne: mutane da yawa sun saurari Davy a wannan shekara, amma wanda ya rubuta, ya kuma bi sawu, shi ne ya amfana.

Abin da Kano ta riga ta gwada

Neman jawo yara zuwa ga kimiyya ba baƙon abu ba ne a Kano. Bayan an ƙirƙiro jihar a shekarar 1967, hukuma ta fuskanci ƙarancin likitoci da injiniyoyi da sauran ma'aikatan fasaha 'yan asalin jihar. Maganin da aka samo shi ne kafa makarantun sakandare na musamman domin kimiyya. A shekarar 1977, zamanin mulkin Kanar Sani Bello, aka buɗe guda biyu, ɗaya a Dawakin Kudu, ɗaya a Dawakin Tofa. Akan zaɓo ɗalibai ta hanyar jarrabawa daga sauran makarantu, a tara su wuri guda da malamai da kayan gwaji. Daga baya aka buɗe ta 'yan mata a Taura, wadda ta koma Jihar Jigawa bayan rabuwar 1991. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya yi nazarin digirinsa na uku a kan waɗannan makarantu a Jami'ar Sussex ta Ingila.

Waɗannan makarantu sun yaye likitoci da injiniyoyi da malaman jami'a masu yawa, sun kuma rushe tsohon zancen nan na cewa wai yaron Kano kasuwanci kawai ya iya. Sai dai makarantun musamman ba za su iya ɗaukar kowa ba. Mafi yawan yaran cikin birni makarantun jeka-ka-dawo suke zuwa, inda sau da yawa kayan gwaji ba su wadata ba. A nan ne lacca take da ranarta, domin ba ta bukatar gini ko kwangila. Ga kuma masu yin ta a kusa. Asibitin Murtala yana cikin ganuwa, kusa da Ƙofar Mata. Tsohon mazaunin Jami'ar Bayero yana daf da Ƙofar Kabuga, ita kanta jami'ar ma a cikin birni ta faro a shekarar 1960, a harabar Makarantar Koyon Larabci. Ga Asibitin Ƙashi na Dala, ga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da aka kafa a 1988. Da yawa daga cikin ma'aikatan waɗannan wurare tsofaffin ɗaliban makarantunmu ne, kuma a sanina ba kasafai suke ƙin amsa gayyata ba. Gayyatar ce ba a cika yi ba.

Birnin kansa ɗakin gwaji ne

Mai lacca a birnin Kano ba ya bukatar ya je nesa neman misali. Ga guda uku daga fannina.

Na farko, karofin Ƙofar Mata, wanda ake danganta kafuwarsa da shekarar 1498. Marini yakan zuba ruwa a cikin rijiyar rini, ya sa baba da toka, ya bar su kwanaki har rinin ya nuna. Me yake faruwa a ciki? Shuni, wato sinadarin da ke ba da launin, ba ya narkewa a ruwa, saboda haka ba zai iya shiga zaren tufa ba. Toka tana mayar da ruwan ya zama mai kaifi irin na kanwa. A cikin irin wannan ruwa wasu ƙwayoyin bakteriya, waɗanda ido ba ya gani, sukan hayayyafa, su cinye iskar oksijin da ke ciki, su kuma juya shunin zuwa wani nau'i mai narkewa, wanda launinsa yake tsakanin rawaya da kore. Wannan ne yake ratsa zare. Da marini ya ɗago tufa iska ta buge ta, sai oksijin ya mayar da shunin siffarsa ta asali, ya maƙale a cikin zaren. Shi ya sa ake ganin tufa ta fito kore-kore, sa'an nan ta rikiɗe ta zama shuɗiya a gaban idon mai kallo, kuma shi ya sa ake tsomawa ana ɗagowa sau da yawa idan ana son launin ya yi duhu. Wani Bajamushe, Adolf von Baeyer, shi ya gano tsarin wannan sinadari, kuma daga 1897 kamfanin BASF ya fara sayar da shunin masana'anta, abin da ya karya kasuwar baba a ƙasashe da dama. Wanda ya fahimci sirrin sana'a shi yake cin kasuwarta.

Na biyu, majema. Fata ɗanya takan ruɓe saboda ƙwayoyin bakteriya suna cin ta. Majemi yakan jiƙa ta a ruwan bagaruwa. 'Ya'yan bagaruwa suna ɗauke da sinadarin tanin, wanda yake kama zaruruwan furotin da ke cikin fata ya ɗaure su, har ƙwayoyin su kasa cin su. Irin wannan jima ce ta sa fatun akuyar ƙasar Hausa suka keta Sahara har suka yi suna a Turai, ko da yake da sunan Maroko aka san su a can.

Na uku, kududdufi. Yaro yakan yi wanka a kududdufi, bayan 'yan watanni a ga yana fitsarin jini, wato tsargiya. Wata tsutsa ce ke haddasa ta, wadda likita Theodor Bilharz ya gano a birnin Alƙahira a 1851. Ƙwanta yana fita cikin fitsarin mai cutar. Idan ya faɗa ruwa sai ya ƙyanƙyashe, 'yar tsutsar ta shiga jikin wani ƙaramin dodon-koɗi na ruwa, ta hayayyafa a ciki. Bayan 'yan makonni sai dubbansu su fito, su huda fatar duk wanda ya shiga ruwan, su bi jini su zauna a jijiyoyin da ke kewaye da mafitsara. Ƙwan da suke sakawa ne yake yi wa mafitsara rauni har jini ya fito. A cikin wannan labari kaɗai akwai aikin mutum biyar: mai duba fitsari a ɗakin gwaji, da likita, da mai haɗa magunguna, da masanin halittun ruwa, da injiniyan magudanar ruwa.

Su wa za a gayyato?

Ya kamata yara su san cewa akwai 'yan ƙasarsu da suke gudanar da bincike wanda duniya ta yarda da shi. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero, likitar mata da haihuwa, tana cikin waɗanda suka jagoranci wani babban gwaji a kan zubar jini bayan haihuwa, wanda aka yi a asibitoci 80 a Nijeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu. Sakamakon da aka buga a 2023 ya nuna cewa auna jinin da ke zuba da wata leda mai ma'auni, tare da ba da magunguna gaba ɗaya ba tare da jinkiri ba, ya rage mummunar zubar jini da kimanin kashi 60 cikin 100. Farfesa Abdulrazaq Habib, shi ma na Jami'ar Bayero, ya daɗe yana bincike a kan saran maciji, yana kuma cikin waɗanda suka gwada maganin dafin kububuwa a Kaltungo ta Jihar Gombe. A Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, Farfesa Mohammad Ishiyaku ya jagoranci samar da irin wake mai suna SAMPEA 20-T, wanda aka fitar a 2019, mai jure wa tsutsar da ke huda kwanson wake.

Amma kada malami ya ce sai farfesa zai gayyato. Matashin da ya gama makarantar shekara goma da suka wuce, wanda yake aiki a ɗakin gwajin jini, ko yake haɗa wutar sola, ko yake rubuta manhajar kwamfuta, sau da yawa ya fi shiga zuciyar yara, domin sun san gidansu, sun san da irin takalmin da ya zo makaranta. A makarantun 'yan mata kuwa a fi ba mata ma'aikata muhimmanci. Iyaye da yawa sun fi son mace ta duba matansu a asibiti, amma ba kowa yake tuna cewa likitar nan daga ajin kimiyya na sakandare ta fito ba. Saboda haka yana da kyau a gayyaci iyaye su ma su saurara.

Yadda ake shirya laccar

Zan fara da kuskurena. Karon farko da aka gayyace ni wata makaranta a cikin birni, na tafi da na'urar haska hotuna da dogon jawabi cikin Turanci a kan ƙwayoyin gado. Ban yi nisa ba aka ɗauke wuta. Na ci gaba da zuba bayani kusan awa guda, yara suna kallona kamar mai wa'azi da baƙon harshe. Da aka ba da damar tambaya, yaro ɗaya ne ya ɗaga hannu, ya ce, "Malam, nawa ne albashinka?" Aka yi dariya, malaminsu ya tsawata masa. Ni kuwa daga baya na gane cewa tambayarsa ta fi jawabina ma'ana, domin so yake ya san ko wannan karatu yana riƙe gida.

Da na koma karo na biyu, kwalbar ruwan kududdufi kawai na ɗauka, da madubin ƙara girman abu irin wanda hasken rana yake isar sa. Na ɗiga ɗigo ɗaya, suka yi layi suna leƙawa. Wanda duk ya ga 'yan halittun nan suna iyo a cikin ɗigon da ya ɗauka ruwa ne zalla, sai ya ja da baya yana salati. Ran nan sai da aka buga ƙararrawar tashi ba su daina tambaya ba.

Daga wannan da makamantansa, ga abubuwan da nake shawartar malamai:

1. A sanar da ɗalibai mako guda kafin ranar, a gaya musu aikin baƙon, kowa ya rubuto tambaya ɗaya. Mai jin kunyar magana ya miƙa tasa a takarda.

2. A roƙi baƙon ya zo da wani abu daga wurin aikinsa wanda za a gani ko a taɓa, kamar hoton ƙashi, ko farantin sola, ko irin shuka.

3. Jawabi kada ya wuce minti 30. Sauran lokacin na tambaya da gwaji ne.

4. A yi bayani da Hausa, a kawo kalmomin fannin da Turanci a rubuta su a allo, tun da da su za a rubuta jarrabawa.

5. Baƙon ya faɗi hanyar da ya bi: darussan da ya ɗauka, da shekarun da ya yi, da inda ya faɗi ya tashi, da yadda aka biya kuɗin karatunsa. Kada ya ɓoye wahala, kada kuma ya kambama ta.

6. A haɗa da manyan ɗaliban ƙaramar sakandare, domin su ne ba su riga sun zaɓi aji ba.

7. Bayan lacca a nemi izinin kai ɗalibai kaɗan su ziyarci wurin aikin baƙon, da sanin iyaye da rakiyar malami. Ƙungiyar JETS ta makaranta, inda take da rai, ita ta fi dacewa da wannan aiki.

Abin da ke kan ɗalibi

Ya kai ɗalibi, ke ma ɗaliba, ku zo da littafi da alƙalami, ku yi irin ta Faraday. Ku tambayi baƙon yadda yake yin wuninsa tun safe har yamma, da abin da ya fi ba shi wuya, da abin da zai sake da zai dawo ajinku. Matambayi ba ya ɓata.

Ku kuma san cewa kowace hanya tana da sharaɗinta. Ana bukatar kiredit biyar a jarrabawar WAEC ko NECO, ciki har da Turanci da lissafi. Mai son likitanci zai rubuta Turanci da fiziks da kemistiri da bayoloji a jarrabawar JAMB, ya yi shekara shida a jami'a, sa'an nan shekara guda ta sanin makamar aiki a asibiti. Likitan dabbobi shi ma shekara shida ne. Injiniya yana bukatar lissafi a maimakon bayoloji, karatunsa shekara biyar ne. Aikin gona da kimiyyar gwaje-gwajen asibiti da digirin jinya su ma shekara biyar-biyar ne. Ilimin halittu da na ƙananan halittu da kemistiri da kimiyyar kwamfuta shekara huɗu ne. Akwai kuma hanyar kwalejin fasaha, inda ake yin shekara biyu a sami ƙaramar difloma, a ƙara biyu a sami babba. Wanda ya lura zai ga lissafi yana bakin kowace ƙofa, don haka mai gudunsa tun aji ɗaya shi ya rufe wa kansa hanya.

Kammalawa

Lacca ba za ta maye gurbin malamin aji ko ɗakin gwaji ba. Aikinta shi ne ta sa yaro ya ga mutum irinsa a ƙarshen hanyar, ya san dalilin da zai jure wa wahalar kemistiri da lissafi. A da, ɗan marini a bakin rijiyar rini yake koyo, ɗan maƙeri kuma a gindin zugazugi. Yaron da zai zama mai binciken cututtuka ba shi da irin wannan gata a gida, sai makaranta ta kawo masa. Idan kowace sakandare a cikin birni ta gayyato mutum ɗaya a kowane zango, ɗalibi zai gana da ma'aikata 18 kafin ya gama shekara shida. Takardar gayyata ɗaya ce mafarin abin, kuma shugaban sashen kimiyya zai iya rubuta ta a wannan mako.

Aikin yi

1. Bayyana dalilin da ya sa tufa take fitowa kore-kore daga rijiyar rini kafin ta koma shuɗiya.

2. Zana zagayen rayuwar tsutsar tsargiya, ka nuna wurare biyu da za a iya katse shi. Kada a taɓa ruwan kududdufi da hannu domin wannan aiki.

3. Nemi mutum ɗaya a unguwarku ko danginku mai aikin kimiyya ko fasaha, ka yi masa tambayoyi biyar, ka rubuta amsoshin, ka kawo wa malaminka tare da shawarar a gayyato shi.